Kafin a kai tsohon injin kwalekwale taron Tomahawk

'Yan uwa masu shirin zuwa taron bazara na masu tsofaffin injinan kwalekwale a garin Tomahawk da ke jihar Wisconsin ta Amurka, kada ku tayar da tsohon inji ƙirar Johnson ko Evinrude a bushe. Robar famfon ruwa takan ƙone nan take, inji ya ɗau zafi. Ku gwada shi cikin durom, ruwa ya rufe famfon.

Injinan shekarun 1950 haɗinsu fetur lita 24 ne, man inji lita 1. Haɗin 50 da 1 na zamani ya yi musu kaɗan, ƙarafa za su ci juna. Man giya kuwa, in ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga, a sauya sil, wato robar da ke hana ruwa shiga. In fulogi ba wuta, a fara duba kwayil mai ba fulogi wuta, tsofaffin kan tsattsage.