Yadda ake sa bayani a ƙasan hoto a Word, ba tare da ka ƙirga lamba da hannu ba

Masu rubuta furojet da masu buga takardu a shago, don Allah ku daina rubuta "Hoto na 1", "Hoto na 2" da hannu a ƙasan hotuna. Wlh abin yana damuna in na gani, saboda wahalar ba a ranar take fitowa ba, sai malamin da ke duba aikinka ya ce ka cire taswirar nan ta babi na biyu ka ƙara wasu hotuna biyu a babi na uku, shi ke nan lambobi sun rikice tun daga sama har ƙasa, ka zauna kana bin shafi sittin ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa kuma duk da haka sai wani ya kuɓuce maka. Alhali Word yana iya yi maka ƙirgar nan da kansa.

Ga yadda ake yi. Ka ɗora linzami a kan hoton ka danna ɓangaren dama, cikin jerin da zai fito ka zaɓi Insert Caption. In baka gan shi a nan ba, ka danna hoton sau ɗaya, ka hau sama wajen References, yana nan. Wani ɗan akwati zai buɗe an riga an rubuta Figure 1 a ciki, kai dai ka ci gaba da rubutu a gabansa, misali: Taswirar ƙananan hukumomi 44 na jihar Kano. Lambar nan kar ka taɓa ta, ba taka bace, ta Word ce. A wajen Position ka zaɓi sama ko ƙasa. Yawanci hoto a ƙasa ake sa masa, tebur, wato jadawali, kuma a sama, amma tsarin rubutun bincike na APA bugu na 7 ya mayar da duka biyun sama, saboda haka ka tambayi sashenku wanne suke bi kafin ka fara.

In da Hausa kake rubutun, danna New Label ka rubuta Hoto, ko Jadawali, ko Taswira, kowanne zai riƙa ƙirga nasa daban. Sai dai sunan da ka ƙirƙira a kwamfutarka yake zama, in ka kai fayil ɗin shagon firintin bayanan da ka riga ka sa suna nan lafiya, amma in za a ƙara sabo a can sai an sake ƙirƙirar sunan, kuma a rubuta shi daidai harafi da harafi.

Inda mutane suka fi shan wahala shi ne hoto ya tsaya a shafi ɗaya bayaninsa ya gudu shafi na gaba. Wannan daga yadda hoton ya zauna ne. In yana In Line with Text, wato ya zauna a layi kamar harafi, bayanin zai fito a matsayin layin rubutu na yau da kullum, sai ka danna layin da hoton yake, ka buɗe Paragraph, ka shiga Line and Page Breaks, ka sa alama a Keep with next, daga nan duk inda hoto ya je bayaninsa na biye da shi. In kuwa hoton yana yawo ne rubutu ya zagaye shi, irin Square ko Tight, Word zai sa bayanin cikin akwatin rubutu daban, in ka ja hoton sai ya bar shi a baya. Maganinsa ka riƙe Shift ka danna su biyun, ka danna dama ka zaɓi Group. Ni dai shawarata ga mai furojet ya bar komai a In Line, ya fi kwanciyar hankali nesa ba kusa ba.

In ka cusa sabon hoto a tsakiya lambobin suna gyara kansu nan take, amma in ka goge ko ka matsar da wani ba sa motsi sai ka taɓa su: ka danna Ctrl da A, sannan F9. A wasu laftof sai ka haɗa da Fn.

Masu son 2.1, 2.2 bisa babi, yana cikin Numbering a akwatin nan na Insert Caption, ka sa alama a Include chapter number, amma fa sai taken kowane babi yana kan salon Heading 1 kuma lambar babin ta fito daga Multilevel List, in da hannu ka buga ta lambar babin ba za ta fito daidai ba.

Jerin hotunan nan na farkon furojet kuma da ake biyan kuɗi a buga, ka ajiye linzami a shafin da kake so, References, Insert Table of Figures, ka zaɓi sunan da kayi amfani da shi, zai jero su duka da lambar shafin kowanne. In shafuka sun motsa daga baya ka danna dama a kan jerin, Update Field, ka zaɓi Update entire table.