Tsohuwar Land Cruiser 80 mai injin 1HZ: abin da za ka fara gyarawa kafin kwalliya

Land Cruiser samfurin 80, wadda Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, har gobe tana aiki a hanyoyin karkara daga Kano zuwa Damagaram zuwa Agadas. Wadda aka fi nema ita ce mai injin 1HZ: silinda shida a jere, lita 4.2, gas take sha, ba turbo, ba kwamfuta. Irin injin nan ne a cikin Land Cruiser 75 da 78 da 79 da bas ɗin Coaster, shi ya sa kayansa ba sa wuyar samu. Sai dai ko autarsu ta haura shekara 25. Wanda ya saya yakan fara da manyan tayoyi da fitilu da ɗaga mota, alhali kuɗin farko wuri uku ya kamata ya tafi: taimin bel, hanyar ruwa, da gwiwar aksul na gaba.

Taimin bel, wato bel ɗin da ke juya kamshaf don bawul ya buɗe ya rufe daidai da tafiyar fistin, ake farawa da shi, domin shi ne ba ya ba da sanarwa. Wa'adinsa kilomita 100,000 ne, kuma akwai fitila a gaban direba mai rubutun T-BELT da ke kamawa idan lokaci ya yi. Kada ka dogara da ita. Ana iya kashe ta ba tare da an taɓa bel ɗin ba. Idan ba ka ga shaidar ranar da aka canza ba, ka ɗauka ba a canza ba. In ya tsinke inji na tafiya, fistin zai daki bawul, wani lokaci har kamshaf ya karye. A canza shi tare da boris ɗin da yake bi da abin da ke ɗaure shi, a duba sil ɗin kamshaf ko yana tsiyayar mai. Fanfon ruwa ma sai an cire bel ɗin nan ake isa gare shi, saboda haka a haɗa aikin lokaci guda. Ƙirga haƙoran tsohon bel kafin ka sayi sabo, don na injin farko da na baya ba ɗaya ba ne. Bayan an ɗaura, a juya inji da hannu zagaye biyu cikakku, a tabbatar alamomin sun dawo daidai, sannan a taɓa makulli.

Zafi shi ne ajalin 1HZ. Inji ne mai haƙuri da komai, ban da tafasa, kuma in ya tafasa sau biyu ko uku kan silinda ne ke tsagewa. Abin takaici, allurar zafi ta motar nan ba ta faɗin gaskiya da wuri: takan zauna a tsakiya ko da ruwa na ƙara zafi, sai abu ya yi nisa take tashi. Ƙaramin ma'aunin zafi na daban mai nuna lamba ya fi kowace kwalliya amfani.

Al'adar cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi, ɓarna ce. Na injin nan yana buɗewa ne wajen digiri 76, kuma idan ya buɗe yana toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke zagayawa a cikin inji. In babu shi, wani ruwan zai riƙa kewayawa ba tare da ya shiga lagireto ba, sannan da safiyar hunturu inji ya daɗe bai ɗumama ba, yana cin zoben fistin. Mayar da shi. Murfin lagireto kuma mai lamba 0.9 ne; in robarsa ta tsage, ruwa zai tafasa tun kafin lokacinsa. Ruwan rijiya da na burtsatse suna barin gishiri da tsatsa a cikin siraran bututun lagireto, don haka a zuba jan ruwan sanyaya inji, rabi shi rabi tataccen ruwa, a sauya duk shekara biyu. Tsohon lagireto mai kan roba da ya koma ruwan ƙasa ya gama aikinsa, ba a jiran ya fashe a daji. Leƙa tsakaninsa da na na'urar sanyaya ɗaki: ƙaiƙayi da ciyawa da laka sukan cunkushe a nan, a wanke da ruwa marar ƙarfi daga baya zuwa gaba.

Sai fanka. A tsakiyarta akwai wani kulochi mai man silikon da ke kama ta idan iskar lagireto ta yi zafi. Gwajinsa: bayan doguwar tafiya, kashe inji, juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka, man ya ƙare ko ya mutu. Ana iya buɗewa a sake zuba man, ko a sayi sabo. Masu yi mata walda ta kama dindindin suna jawo ƙarin shan mai da ƙara, fukafukin kuma na iya ɓallewa ya huda lagireto. Idan kuwa ruwa na raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, ko kumfa na tasowa a robar ajiyar ruwa, ko tiyo ya kwana da tauri kamar taya, to gaskit ko kan silinda ya riga ya taɓu. Mota in ta tafasa a hanya, kada a buɗe murfi, kada a kwara wa inji ruwan sanyi.

Yanzu ka durƙusa ka dubi bayan tayar gaba. Ƙarshen aksul dunƙule ne kamar ƙwarya, a cikinsa mahaɗin da ake kira Birfield yake, wanda ke kai wa taya ƙarfi ko da an karya sitiyari. Ɗan danshin giris a jikin ƙwaryar ba laifi ba ne. Amma in ka ga baƙin kunu yana ɗiga har kan taya, sil ɗin ciki ya mutu, man aksul ya gauraya da giris. Daga nan asara biyu ce: Birfield ya rasa giris, haƙoran aksul su rasa mai. Ƙara "ƙas-ƙas-ƙas" a kwana alama ce cewa Birfield ya ci.

Gyaran gwiwar aikin yini guda ne ga ɓangarorin biyu. Tanadi cikakken saitin sil da gaskit da boris na gwiwa, da soket mai lamba 54, da giris mai moli (wani sinadari mai rage gogayya) aƙalla kilo ɗaya, da giris na boris daban, da man giya GL-5 80W-90 kusan lita 3. A dasa mota kan ƙafafun ƙarfe, ba kan jak kaɗai ba. A cire taya, a rataye kan burki da waya don kada tiyonsa ya ɗauki nauyi. Washa masu siffar mazurari da ke riƙe murfin hob, wato cibiyar da ake ɗaura taya a kai, suna da taurin kai. A doki kan kusar da guntun tagulla su yi tsalle, ba a cusa kurfi a tsakani. Daga nan zoben ƙarfe, notina biyu na 54, hob, sai sandar da hob ke zama a kai, sannan a zaro Birfield da shaf ɗinsa. Siraran faranta da ke ƙarƙashin murfin gwiwa na sama su ke saita matsin boris; a ajiye na kowane ɓangare daban, kada a gauraya.

Wajen haɗawa ake yawan kuskure. Sabon sil ya shiga daidai ba karkace ba, kuma a tallafi shaf yayin turawa don kada haƙoransa su yage leɓen sil ɗin. In shaf ya yi zurfin zobe inda tsohon sil ke gogawa, sabon ma zai zubar. A cusa giris mai moli cikin Birfield sosai, a cika gwiwa kashi uku cikin huɗu. Boris na taya kuwa nasa giris ɗin daban. Notina huɗu na hannun sitiyari da ke ƙasan gwiwa a ɗaure su da sufana mai awo zuwa 96 Nm (ma'aunin ƙarfin ɗauri), a sake dubawa bayan mako guda, domin in suka kwance kusoshin na tsinkewa, sitiyari ya fita daga hannu. Notin boris na taya a ɗaure shi zuwa 59 Nm, a juya hob ya zauna, a sassauta, a mayar da ɗan matsi kaɗan, sannan a sa faranti mai kunne da notin kulle. Abu na ƙarshe, wanda kusan kowa ke mantawa: ɗan bututun numfashi da ke saman aksul. In laka ta toshe shi, zafi zai tura mai ta sabon sil ɗin, aiki ya dawo sabo. A busa shi, a ƙara masa tiyo zuwa saman ɗakin inji saboda ƙetare rafi da damina.

Sauran hidima ba ta da wuya. Baƙin mai da filtarsa duk kilomita 5,000. Kofin ƙura da ke ƙasan gidan filtar iska a zazzage shi kullum a lokacin hunturu. Ruwan da ke taruwa a ƙasan filtar gas a tsiyaye shi, musamman in ana sayen mai a jarka, don ruwa ne ke kashe injekta da nozul. Tazarar bawul, inji na sanyi, milimita 0.15 zuwa 0.25 ce a na shiga, 0.35 zuwa 0.45 a na fita. Kafin ka zubar da man giyabos ko na aksul, fara kwance notin zubawa na sama. In ya ƙi fita bayan ka zubar, ka tsaya ke nan. Mai hob na hannu ya riƙa kulle su sau ɗaya a wata ya yi 'yan kilomitoci, amma kada ya sa giyar taya huɗu a kan kwalta.

In an gama waɗannan, sai a yi maganar ƙari. Ɗaga mota da santimita 5 ya ishi yashi da kwazazzabo. Ko wannan ma yana karkata aksul na gaba, mota ta riƙa yawo a titi, sai an sa bushin masu gyara kusurwar. Akwai kuma bawul a baya da ke raba ƙarfin burki gwargwadon lodi; in an ɗaga mota yana ɗauka babu kaya, ya rage burkin baya, don haka a ɗaga mariƙin sandarsa daidai tsayin da aka ƙara. Taya 7.50R16 ko 265/75R16 ta dace da ƙarfin injin. Ta inci 35 tana kashe gudu a hawa, ta raunana burki, ta karya Birfield. A rairayi, sauke iskar taya zuwa 18 psi ya fi kowace babbar taya aiki, muddin akwai famfon mayar da ita kafin kwalta.

Turbo kuwa a yi hattara. Matsin 1HZ ya kai wajen 22 bisa 1, kuma fistin ɗinsa ba irin na injin 1HD-T ba ne da aka ƙera don turbo. Wanda ya nace, ya tsaya a ƙaramin matsi, kada a buɗe wa injekta mai da yawa, ya sa ma'aunin zafin hayaƙi, ya ɗaga ƙafa a hawa da zarar ya doshi digiri 550 a bayan turbo.