Idan huhu ya sace haka kawai, ga abin yi

Mutum na zaune lafiya lau sai ƙirji ya soke shi gefe ɗaya, numfashi ya fara sarƙewa. Iska ce ta ɓulle daga huhu ta taru a ƙirji ta matse shi. Wannan ciwo ya fi kama dogayen samari sirara masu shan sigari, da masu tarin tibi.

Dan Allah kar a tsaya shafa man zafi ko zuwa kemis, a wuce asibiti a ɗau hoton ƙirji, in kuma ya fara jiri da gumi to a yi gaggawa. Likita zai iya zuƙe iskar da allura ko ya sa roba ta gefen haƙarƙari na 'yan kwanaki. Yawanci ana warkewa amma yakan dawo, shi ya sa dole a bar sigari, kuma ban da hawa jirgin sama sai likita ya yarda.