Dasa furanni a inuwar tsoffin bishiyoyin lambunan unguwa a Landan

Lambunan tsakiyar unguwa irin na Bedford Square, waɗanda mazauna gidajen kewaye kaɗai ke da makullinsu, galibi matsalarsu ɗaya ce: busasshiyar inuwa. Bishiyar platanus, wata ƙatuwar bishiya mai faɗin ganye, ita ce ke mulki a cikinsu. Na Berkeley Square tun 1789 aka dasa su. Rassanta na tare ruwan sama, saiwoyinta na shanye sauran, ƙasar kuma yumɓu ce mai tauri in ta bushe.

Kafin a taɓa kowace bishiya, kwamitin lambu ya duba doka. Wata doka ta 1931 ta hana gini a ire-iren filayen nan sama da 400, kuma yawancinsu na cikin yankunan da aka keɓe don adana tarihi. A nan dole a sanar da ƙaramar hukuma makonni 6 kafin sare ko datse bishiyar da kaurin gangarta ya wuce milimita 75.

Lokacin dashe shi ne Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ƙasa ke da ɗumi da laima. Kada a shigar da injin huɗa, domin saiwoyin da ke ciyar da bishiyar suna kusa da sama, kuma in an yanke su lahanin ba ya bayyana sai bayan shekaru. A haƙa ƙananan ramuka da hannu tsakanin saiwoyi, a sa ƙananan tsirrai. Manya sun fi wahalar kamawa a nan. Tsirrai masu jure inuwa irin su epimedium da cyclamen da sarcococca suna jure wannan wuri. Sannan a baza ruɓaɓɓen ganye mai kaurin santimita 5 zuwa 7, a bar tazara daga gindin bishiyar kada ɓawon ya ruɓe. Shekara biyun farko sai an dage da ban ruwa mai yawa sau ɗaya a mako duk lokacin zafi. Yayyafi kullum ba ya kai wa saiwa.

Ganyen platanus yana da kauri, ba ya ruɓewa da wuri. A daddatsa shi da injin yankan ciyawa kafin a tara shi.

Shingen boxwood kuwa, wato ɗan itace mai ƙananan ganye da ake datsewa a yi shinge da shi, a ganina bai cancanci wahalar ba yanzu, tsutsa da cutar ganye sun addabe shi. Yew, wani itacen shinge da ganyensa ba ya zuba, ya fi. A kuma riƙa sa masani ya hau ya duba manyan rassa saboda cutar massaria, wadda ke cin reshe ta sama inda mai tsayuwa a ƙasa ba ya gani, har ya karye.