Sakin shat ba tare da zanzaro ba

'Yan uwa, ba kowace shat mai maɓallai ce ake saki a kan wando ba. Kafin ka fita, duba bakinta na ƙasa. Idan a miƙe yake, ko ya ɗan lanƙwasa kaɗan, don saki aka ɗinka ta. Idan kuwa gaba da baya sun zubo da tsawo, gefe ya ɗage sama, wannan ta zanzaro ce, sai ka cusa ta.

Tsawo shi ne komai. Tsaya gaban madubi: bakin rigar ya tsaya wajen tsakiyar zif ɗin wando, kada ya rufe aljihun baya gaba ɗaya. Sannan ɗaga hannuwanka sama. In ciki ya leƙo, ta yi maka kaɗan. In ta doshi cinya, sai ka ga mutum kamar ya aro rigar yayansa, ƙafafu ma su koma gajeru. Tela zai iya rage ta cikin ɗan lokaci.

Ni dai na fi son ta auduga mai ɗan kauri da jins ko wandon kaki wanda bai yi burum-burum ba. Buɗe maɓallin wuya, naɗe hannu sau biyu. Laktaye kam, bar shi a gida.