Kafin ki je sayen riga a Yamai, ki sa mitir cikin jakarki

Ƴan uwa mata, maganar ga ta daɗe tana cina, bikin ɗiyar yayata ne ya sa na ce yau dai sai na rubuta. Ni da ƙanwata munka tafi Babbar Kasuwa neman rigar da za ta sa ranar wuni, ita Allah ya yi ta da mazaunai da cinyoyi amma samanta ƙarami ne, kafaɗa ƴar siririya, mun shiga butik ya fi bakwai, wadda ta zauna mata a kafaɗa sai ta tsaya cak a kwankwaso ta ƙi wucewa, wadda ta wuce kwankwaso kuma sai wuyan ya zame har igiyar sutiyan ta fito waje. A butik na ƙarshe yaron shagon ya ce mata "hajiya ai sai kin rage jiki", wallahi na ga idonta ya cika da ƙwalla, har munka sauka taksi a Bukoki ba ta ce uffan ba. Abin ya yi min zafi, don jikinta lafiyarsa lau, rigar ce ba a yanka ta don ita ba.

Ki fara gane wanga: kamfani ba ya aunaki, jiki guda yake ɗauka ya yanka a kai, daga nan ya dinga ƙara wajen santimetir 4 daga lamba zuwa lamba, sama da ƙasa tare. Lamba 40 ta Faransa an yi ta ma mace mai ƙirji wajen 90 zuwa 92, mazaunai wajen 98 zuwa 100. To in ƙirjinki 90 ne mazaunanki 112 fa? Samanki yana 40, ƙasanki yana 46, babu riga guda da za ta ɗauke ku duka in ba mai buɗewa ba ce. Kuma mu da yawa haka muke.

Don haka abu na farko ki sayi mitir na tela, ba shi da tsada, duk mai saida zare da allura yana da shi. Amma ki duba shi da kyau kafin ki biya. Gefe ɗaya santimetir ne har 150, ɗaya gefen inci ne har 60, inci guda santi 2 da rabi da ɗan ɗoriya. Akwai wani ɗan Sin da ke yawo, bayansa kamar inci amma ba inci ba ne, awonsu ne na can, kowane gida santi 3 da ɗan wani abu, za ki gane shi in ƙarshensa ya tsaya a 45. Ki bar shi ko kuma ki yi aiki da gefen santi kawai.

Ki samu wata ta auna ki, don in kinka auna kanki mitir yana karkacewa ta baya ba ki sani ba. Ki sa riga marar kauri da sutiyan ɗin da kike sa wa kullum, ki tsaya yadda kike tsayuwa, kar ki shanye ciki don Allah, wadda ta shanye ciki wajen awo ita za ta sha wuya ranar biki bayan an ci shinkafa. A auna ƙirji inda ya fi cika, ƙugu inda kike ɗaura zane, mazaunai inda sunka fi faɗi ƙafafu a haɗe, kafaɗa daga ƙashi zuwa ƙashi ta baya, damtse, sai tsawo daga kafaɗa har ƙasa da takalmin da kike fita da shi. Damtsen nan shi ake mantawa, kuma shi ya fi hana mata sa rigar da sunka saya. Ki rubuta duka cikin waya.

Lambar da ke wuyan riga kuwa kar ki ba ta amana. 42 na Faransa shi ne 40 na Jamus, 46 na Italiya, 14 na Ingila, 10 na Amurka, jiki guda lamba biyar. Shi ya sa a wajen ƴan bosho a Katako za ki ɗaga riguna biyu duk an rubuta 42 amma ɗaya ta fi ɗaya da tafin hannu, dila guda ce amma kayan ba ƙasa guda sunka fito ba, wata ma an wanke ta har ta tsuke. Kayan Sin su kuma ƙanana ake yanka su, XL ɗinsu sau da yawa bai wuce M ko L na Turai ba. Wadda anka rubuta ma "tay inik", wai ta kowa da kowa, in kina da jiki ki auna ta sau biyu.

Ga yadda nike yi tunda mafi yawan wuraren babu ɗakin gwaji. Ki shimfiɗa rigar a kan tebur ko a kan tarin kayan, ki auna daga hammata zuwa hammata, ki ninka biyu. Haka a ƙugu, haka a mazaunai. In yadin ba ya buɗewa, rigar ta fi awonki da santi 4 zuwa 6 a ƙalla, in ba haka ba za ki shiga amma ba za ki zauna ba. Kuma kullum ki saya daidai da inda kinka fi faɗi, tela ya rage sauran. Rage riga abu ne mai sauƙi, ƴan pens biyu a baya, wato ɗan ninkin da tela ke ɗinkewa don riga ta bi jiki, da matse gefe, amma ƙara riga sai in akwai yadi a cikin ɗinkin, shi ya sa nike juya ta in duba ko an bar wani abu. Kafaɗa ce kawai gyaranta ke da wuya don sai an cire hannu an maida, ki tambayi telanki ko ya iya kafin ki saya.

Abaya ita tata daban ce kuma mata da yawa ba su sani ba. 52, 54, 56, 58, 60 ɗin nan na kayan Dubai ba faɗi ba ne, tsawo ne da inci daga kafaɗa zuwa ƙasa. 54 wajen santi 137 ke nan, 56 wajen 142, 58 wajen 147. Sai ki ga gajeriyar mace mai jiki ta sayi 60 wai don ta shige ta, tana jan ta a ƙasa cikin ƙurar Yamai kuma ƙirjin bai buɗe ba. Ki zaɓi lambar da tsawonki, faɗin ki auna shi daban. Sutiyan ma lambarsa tana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa: 95 na Faransa shi ne 80 na sauran Turai, 36 na Ingila.

Mai saye ta WhatsApp, ko daga nan ko daga Kano, ki ce a ɗora mitir a kan rigar a turo miki hoto kafin ki tura kuɗi. Kuma ki ce santi ne ko inci, don telolin Najeriya da inci suke aiki, namu da santi.

Yanzu ɗinki, wanda gaskiya shi ne rufin asirinmu. Turmin atamfa yadi 6 ne, zane uku, wajen mitir 5 da rabi. Zane guda yadi 2 ke nan, santi 183, in mazaunanki sun kai 120 abin da zai rage na rufi kaɗan ne, kina tako yana buɗewa. Ki ce ma tela ya yanka miki yadi 2 da rabi ya rage a ɗankwali. Doguwar mace kuma faɗin atamfar shi ne tsawon zanenta, bai wuce santi 115 zuwa 120 ba, sai a ƙara mata wani yanki a sama wajen ɗauri inda riga za ta rufe. Shadda ba ta buɗewa ko kaɗan, atamfar auduga kuma tana ɗan tsukewa in ta sha wanki, kar ki yarda a matse su a jiki, balle ga dublir, wato shafi, a ciki ga zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura 40.

In za ki je wurin tela ki tafi da rigar da ta fi zama miki daidai, ya auna ta ya auna ki. Ki ce masa "malam ka bar min santi 3 a kowane gefe, kar ka datse", saboda haihuwa da canjin jiki. Modal ɗin da kinka gani a waya ki tambaye shi tsakani da Allah ko zai karɓe ki, tela na gari zai faɗa miki. Mai cikar ƙirji tana son pens na ƙirji da tsawon gaba ya fi na baya, in ba haka ba rigar ta ɗage a gaba. Mai tumbin haihuwa, yankan da ya fara buɗewa daga ƙarƙashin ƙirji ya fi mata daɗi a kan wanda ya tsaya a ƙugu. Siririya ita ma tana shan tata wahalar, ana ce mata komi ya yi mata alhali kafaɗa na zubowa, a rage mata wuya da ramin hannu. Mai shayarwa a sa mata fermetir a gaba.

Kuma kar ki karɓi ɗinki a leda ki tafi gida. Ki gwada, ki zauna a kujera, ki ɗaga hannu sama, ki duƙa kamar za ki yi ruku'u, inda ya ja ki nuna masa ya sa alli nan take. Wanga ba ya yiwuwa a goman ƙarshe na azumi ko satin Layya lokacin da teloli ke kwana kan keke, ki kai kayanki da wuri.

Ƙanwata dai mun koma bayan kwana biyu da mitir, ta ɗauki 46 daidai da mazaunanta, telanmu ya cire hannuwan ya rage kafaɗa ya sa pens biyu a baya, da ita ta yi wunin bikin har dare.