Babi na Bakwai: Nisan Jidda da Kano a Jirgin Sama

Darasi na 1: A kan taswira

Ɗauko taswira, ka ɗora yatsa a kan Jidda. Jidda tana nahiyar Asiya, Kano tana nahiyar Afirka. Shuɗin da ke gefen yatsanka ruwa ne, Bahar Maliya. Ja yatsan zuwa yamma a hankali, ka ƙetare Sudan, ka ƙetare Chadi, ka tsaya a Kano. Wannan miƙaƙƙen layi kusan kilomita 3,400 ne. Kada waƙafin nan ya ba ka tsoro, dubbai kawai yake warewa. Karanta da ƙarfi: dubu uku da ɗari huɗu. Madalla.

Jirgin fasinja yana cin kusan kilomita 800 a awa ɗaya, don haka tafiyar takan ɗauki wajen awa huɗu da rabi. Hanya takan canza: da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 an rufe sararin samaniyarta, jirage suka riƙa kewayawa, tafiya ta ƙara tsawo.

Darasi na 2: Agogo biyu

A nan kusan kowa yake tuntuɓe, don haka a nutsu. Agogon Saudiyya yana gaba da na Najeriya da awa biyu. In ana ƙarfe 10 a Jidda, ƙarfe 8 ne a Kano.

Dubi tikiti. JED Jidda ke nan, KAN kuma Kano. An rubuta tashi 10:00, sauka 12:30. Lokacin tashi agogon Jidda ne, lokacin sauka agogon Kano ne. Daga 10:00 zuwa 12:30 awa biyu da rabi ne, amma ba ka gama ba. Ƙara awa biyu. Nawa ka samu? Huɗu da rabi. Ka ga ya yi daidai da darasi na 1.

Mu sake. Tashi 13:00, wato ƙarfe ɗaya na rana, sauka 15:30. Biyu da rabi. Me ya rage? Ƙara awa biyu. In ka manta ba komai, goge ka sake, kowa da haka ya fara.

Iyayena mata, ku ma ku rubuta a bangon littafi: mai zuwa Kano ya ƙara biyu. Amma gaskiya akwai waɗanda duk mako sai mun maimaita wannan, domin ba sa buɗe littafi a gida. Wannan sakaci ne, ba rashin kai ba. Mutum ya buga waya gida ya ce a tarye shi, shi kuma ya sake rage awa biyu daga lokacin saukar da ke tikiti, a bar tsofaffi tsaye a filin jirgin Malam Aminu Kano tun hantsi. Lokacin sauka ba a taɓa shi, tuni yana agogon Kano. Tsawon tafiya kaɗai ake ƙara wa biyu.

In daga Kano za ka dawo Jidda, sai ka juya: rage biyu. Tashi 10:00, sauka 16:30, shida da rabi, a cire biyu.

Darasi na 3: Mil

Wani allon cikin jirgi da mil yake nuna nisa. Mil 10 kusan kilomita 16 ne. Jidda zuwa Kano kusan mil 2,100.

Darasi na 4: Aikin gida

Tashi daga Jidda 08:15, sauka Kano 10:45. Awa nawa a sama? A kawo ranar Asabar.